Gadin Ƙofar Janar

"Baba Daudu, don Allah ka matsa mu wuce," in ji Jalaluddeen, motar asibiti na tsaye bayansa.

Ban matsa ba. Ni da harsashi ya shiga cinyata a yaƙin basasa ya fita da kansa don kunya, yaron da aka yi wa suna a gabana ne zai kawar da ni?

Uban nasa, Janar Kashim, maƙwabcina ne a Kazaure tun da ya ajiye kaki. Ɗan gidan sarauta ne daga Borno. Ya riƙe runduna a Laberiya, ya zauna da janar-janar na Fotigal a Angola, har suna tashi tsaye in ya shigo. Ni kuwa kofur na tsaya, ban san ko bihim ba. Amma a dara ban taɓa raga masa ba, kowa a unguwa shaida ne.

Da safen ranar ya sa matarsa, Ya Kura, ta kira ni. Na same shi kwance, ya zama kamar kara.

"Kofur," ya ce, "likita ya gaya mini gaskiya. Yaron nan zai zo ya kai ni Kano a sa mini roba a hanci. A ɗakin nan nake so in cika. Ka riƙe ƙofa."

"An gama, ranka ya daɗe."

"Kada ka yi barci kamar yadda ka saba."

"Ni? Wa ya gaya maka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Shi ne na dasa kujera a bakin zaure, sanda a kan cinya.

"Baba, mahaifina ne fa," Jalaluddeen ya ce.

"Na sani. Kai ka shiga, mota ta tsaya. Je ka tambaye shi da bakinka. In ya ce a ɗauke shi, ni zan kama ƙafafu."

Ya shiga. Na ji maganarsu ƙasa-ƙasa, ta yi tsawo, sannan na ji yaron yana karanta masa Yasin. Direba ya gaji ya kashe mota, na aika aka kawo masa fura.

Bayan la'asar Ya Kura ta fito, ta tsaya jikin ƙyaure.

"Malam Daudu, tashi haka nan. Ya cika."

Na miƙe, ƙafar nan da harsashi ya taɓa shiga ta ƙi, sai da na dafa bango. Duk waɗanda muka sa kaki tare na binne su, ban taɓa kuka ba. Ranar ma ban yi ba, ido ne kawai ya yi ruwa.

Da na leƙa tsakar gida, Jalaluddeen na tsugune gaban murhu da shaddarsa ta Abuja, ya naɗe hannun riga, yana hura wutar ruwan wanka.