Turke na Ɗari Biyu da Bakwai

Turken ya ƙi fita. Mai awon fili ya girgiza shi hagu da dama, ya kafa ƙafa ya ja, har sai da wandonsa ya yi ƙara ta baya. Shi da kansa ya kafa shi shekara uku da suka wuce, kuma a lokacin har yabon kansa ya yi saboda zurfin.

Turaku ɗari biyu da bakwai ya jera, masu jan kai, don nuna inda bututun gas zai bi. Mutanen yankin suka ce ba da su ba: ga gonaki, ga rijiyoyi, ga tsoron ranar da abin zai fashe. Aka yi ta taro da zanga-zanga, aka je kotu sau tara. Makon jiya kamfani ya fitar da sanarwa mai layi huɗu cewa ya fasa. Shi kuma aka ba shi aikinsa na ƙarshe: ya cire turakun, kowane mai fili ya sa hannu a takarda cewa an mayar masa da wurinsa yadda yake.

Da turken ya fita, ya miƙa wa tsohon mai gonar takarda da biro.

"Takardar me ce?"

"Ta cewa kun yi nasara, Baba."

"To madalla. Amma Shugaba ta ce ko takardar gaisuwa ce, kada mu sa hannu."

"An fasa fa, Baba."

"Haka suka ce. Ka gaida gida."

Gidan kuwa shi ne matsalar, domin Shugabar kwamitin masu adawa da bututun mahaifiyarsa ce. Tun ranar da ya kafa turke na ƙarshe a bayan kicin ɗinta ba ta sake yi masa magana ba. Ba ta kore shi ba, ba ta zage shi ba. Sai dai duk abin da za ta ce, ta bakin ƙanwarsa Auta yake bi: "Ki faɗa wa ma'aikacin kamfani ya matsa, ya tare min haske." Ko da ya kwanta asibiti, ta zo ta zauna bakin gadonsa kwana biyu, tana sa nas ta tambayi ma'aikacin kamfani ko ya sha magani. Mutane suna dariya, shi ma yakan taya su, amma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Da la'asar ya isa gidan, bayan mota cike da turaku, takarda ba sa hannu ko ɗaya. Yau Asabar, ranar taron kwamiti. Shekara uku tsakar gidan nan ba ta taɓa rasa mutum arba'in ran Asabar ba. Yau bencina suna jere babu kowa a kai, an jingina allunan zanga-zanga suna kallon bango. Mama tana zaune a kujerar shugaba, ta dafa shayi a babbar butar da ta saba.

"Sannu da gida, Mama. Na zo cire turke."

Ta juya wajen Auta, wadda ke sa takalmi a bakin ƙofa. "Ki faɗa wa ma'aikacin kamfani..."

"Ni dai na yi ritaya, Mama. An fasa bututu, an fasa tafinta. Yaya, ga ka ga ta." Ta rataya jaka ta fice.

Mama ta duba tsakar gidan. Banda wata kaza, babu wanda za a aika.

Ya zagaya bayan kicin ya cire turken. Wannan bai yi gardama ba, ruwan wanke-wanke ya riga ya ci gindinsa. Ya dawo ya durƙusa, ya ajiye takardar a gabanta. Ta sa tabarau ta karanta tun daga tambarin kamfani har ƙasa, sannan ta sake daga farko.

"Ba zan sa ba," ta ce.

Shi ta ce wa, idonta cikin nasa. Ya sunkuyar da kai yana gyara biron da babu abin da ya same shi.

"Idan kin sa, duk za su sa, Mama. Na gama ke nan."

"Ka gama ka tafi ina?"

"Wani aikin. Wataƙila nesa."

Ta cire tabarau, ta dubi bencinan. Ta zuba shayi a kofi ta tura masa.

"Irin wannan takarda sai kwamiti ya zauna a kanta," ta ce. "Ka dawo Asabar."

"Mama, su waye suka rage a kwamitin?"

"Ni. Sha, zai huce."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ja benci ya zauna.