Rumbun Mannir

Autana Mannir ba ya noma. Tun shina yaro laka yake kwaɓawa, har ya kai Zariya anka ba shi takarda a kan kwaɓa laka. Ya yi ƙatuwar ƙwarya ta siminti a Gusau, ya yi fartanya a Tsafe wadda ba mai iya ɗaga ta. Siffar mutum dai ba ya yi, na hana shi tun farko.

Bana anka ce ya gina rumbu a shataletalen garinmu, Bunguɗu. Aikinshi na farko a gida, an rubuta sunanshi da na ubanshi a allo. Saura kwana uku a buɗe, ya ɗauke ni a mashin in gani.

Na zagaya sau ɗaya. Na ce, "Ina duwatsun?"

"Waɗanne duwatsu, Inna?"

"Rumbu a ƙasa daɓas? Gara fa? Damshi fa? Ina kaza za ta shiga ta sha inuwa?"

"Inna, siminti ne. Ba hatsi ciki."

"Na sani. Manoman Furfuri da za su bi nan ranar kasuwa ba siminti za su gani ba. Cewa za su yi ɗan marigayi bai san rumbu ba. Ubanka hatsinshi bai taɓa ruɓewa ba, ba za a yi mishi dariya shina kabari ba."

Ya ce abin ya fi babbar mota nauyi, ba ya ɗaguwa. Na ce to ƙasa ta sauka.

Na aika duk gidan da na taɓa karɓar haihuwa ko na ara wa tukunyar biki. Ba roƙo na yi ba, tuni ne. Maza goma sha ɗaya sunka zo da diga. Suna rarake ƙarƙashin rumbun gefe-gefe, Mannir na cusa duwatsu, shina zufa, shina cewa in rumbun ya tsage ba mai ƙara ba shi aiki. Ya tsage kaɗan ta baya. Na ce rumbun gaske ma shina tsagewa, Mannir ya shafe wurin.

Ranar buɗewa manya sunka yi ta jawabi. Ni Malam Labbo na Furfuri nake kallo, tsohon da bai taɓa yabon rumbun kowa ba. Ya duƙa, ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe. Ya miƙe ya ce, "Kaza za ta shiga." Ya hau kekenshi.

Mannir ya ce, "Inna, zagi ne?"

Na ce, "A'a. Je ka ci abinci."