Turke na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana karanta ruwa. Haka muke cewa a gida, amma a takardar hukumar ruwa sunan aikin mai duba ma'auni. Turaku biyar ne na ƙarfe aka kafa a gaɓar kogin da ya ratsa kwarinmu, kowanne da zanen fenti ja da fari da lambobi. Kullum da sassafe Baba zai hau baƙin kekensa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta inda ruwa ya kai, ya dawo ofis kafin la'asar. Da aka kawo na'urorin da ke aika lambobin da kansu, sai aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida ya zauna.

Ni ce autarsa, kuma ni kaɗai na gaji son keke. Ranakun aiki ina ɗakin gwajin jini a asibiti, ranar Asabar kuwa mu goma sha huɗu 'yan ƙungiyar keke muke haɗuwa mu bar kwalta mu bi hanyoyin tsakuwa. Wata shekara muka ce za mu fitar da sabuwar hanya mai bin kogi, kilomita hamsin, aka ɗora mini nemo ta. Na duba taswirar waya na ga hanya tana tafiya lafiya har wajen tsohon mashigin kwale-kwale, daga nan ta ɓace, sai can gaba ta sake bayyana.

Na nuna wa Baba a falo. Ya cire tabarau, ya mayar, ya ture wayar.

"Wanda ya zana wannan bai taɓa zuwa wurin ba. Akwai hanya. Tsakanin turke na uku da na huɗu ke nan, ido rufe zan bi ta."

"To zana mini."

"Ba ta zanuwa. Sai dai in kai ki."

Mama tana daga kicin ta ce, "Da wace gwiwar? Wadda nake gasawa da ruwan zafi kullum?"

Washegari na tarar ya fito da keken daga sito ya kifa shi a tsakar gida, yana ɗiga wa sarƙa mai. Na ce ya hau nawa na biyu, mai giya da taya masu kauri. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce abin da bai kai nauyin buta ba, shi ba zai ba shi amanar ƙashinsa ba. Da ƙyar ya yarda ya sa hular kwano, ita ma sai da Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in ba hular ba fita.

Mun bar gari rana na fitowa. Bayan gidan mai na ƙarshe kwalta ta ƙare, tsakuwa ta fara ƙara a ƙarƙashin taya. Baba ya miƙe zaune a kan sirdi, bayansa a tsaye kamar mai jiran a ɗauke shi hoto, yana taka feda a hankali ba ya fasawa. Ni da nake taƙama da gudu sai na ga ina ta kama birki a wuraren da shi yake wucewa salin alin, don ya san gefen da ƙasa ta fi tauri.

Turke na farko yana nan kusa da tsohon gidan famfo mai jan bulo. An ɗaura masa akwati da farantin sola a ka. Baba ya sauka ya leƙa, ya goge lambobin da gefen hannunsa.

"Mita ɗaya da arba'in," ya ce. "Ke akwati, haka kika gaya musu?"

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya nuna mini inda ake gasa bulo da, yanzu sai ramuka da ciyawa. Ya nuna mini farin dutsen da ke tsallake, mai ramukan tsuntsaye, ya ce in sun tashi gaba ɗaya da safe sai inuwarsu ta rufe ruwan. A ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, wajen turke na biyu, ya sa na ɗora tafin hannu a jikin ginshiƙi in ji sanyinsa. Ya ce nan yake cin burodinsa, kuma direban jirgin ƙarfe tara yakan busa masa sau biyu. Shekara goma sha wani abu suna gaisawa haka, bai taɓa ganin fuskarsa da kyau ba. Yanzu itatuwa sun tsiro tsakanin layin dogon.

A mashigi muka tarar da gadar siminti. Turke na uku ya karkace amma yana tsaye. Baba ya tambayi wani mai wankin babur labarin mai kwale-kwale, mutumin ya ce ai ya kai shekara takwas da rasuwa. Baba ya yi masa addu'a, ya daɗe yana kallon matakalar da ake sauka, sannan ya ce mu tafi.

"Nan ne wayarki ta rikice ko? Biyo ni."

Muka bi wata siririyar hanya ta hannun hagu. Da farko tsakuwa ce mai kyau, har na fara murna. Bayan kamar kilomita biyu ta koma yashi, daga yashi ta shige cikin dogayen ciyayi, sai ga ruwa shimfiɗe a gabanmu, mai faɗi, yana tafiya abinsa.

"Ba nan kogin yake ba," in ji Baba.

"Baba, ga shi kuwa."

"Na ce miki ba nan yake ba! Akwai kwalbati a nan, da wata babbar bishiya. Mun dai kauce ne."

Muka koma baya, muka gwada wata. Muka sake gwada wata. Fiye da awa ɗaya muna tura kekuna cikin laka da ƙaya, rana ta take. Na ga ya fara ɗingishi, na ce mu huta, ya daka mini tsawar da rabon da ya yi mini irinta tun ina makarantar firamare. Na bi shi. Can dai ya jingine keken a jikin wani kututture, ya zauna a ƙasa, ya cire hular ya riƙe ta a cinya.

"Auta, na ɓata," ya ce.

Na miƙa masa gorar ruwa. Na ce mu hau tudu ko ma hango wani gida.

Da muka hau muka gangara ta bayansa sai gonaki. Muna tura kekuna a kan kunya Baba ya tsaya cak. A tsakiyar wata gonar wake, nesa da ruwa da kusan rabin kilomita, ga turken ƙarfe a tsaye, fentinsa ya koɗe, an ɗaure akuya a jikinsa. Ya tafi da ɗingishinsa ya dafa shi. Lamba huɗu tana nan a sama, da hannunsa ya rubuta ta.

Wata mata da ke tsinkar wake ta ɗago ta yi mana sannu. Za ta girme ni da 'yan shekaru. Ta dubi Baba, ta dubi keken, ta ajiye kwandon.

"Baba, ba kai ne mai duba ruwa ba?"

"Ni ne, 'yata. Da can."

Ta tafa hannu ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ɓarawon rediyo! Wallahi shi ne!"

Na dubi Baba. Mutumin da ko biron ofis ba ya yarda mu taɓa. Sai na ga yana sosa ƙeya.

Ta ja mu inuwar wata bishiyar lemo, ta kawo benci da ruwan sanyi, ta ba ni labari. Shekarar babbar ambaliya tana da shekara tara, gidansu yana can ƙasa inda kogin yake bi yanzu. Ran nan Baba ya karanta turken da safe, da ya dawo ta wurin da azahar ya ga ruwa ya ƙaru da kusan mita guda, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi a kwarin ba. Ya gane daga can saman kogi yake zuwa. Ya bi gidaje bakwai na wurin yana cewa a hau tudu. Shida suka ji. Mahaifinta ya ce a nan aka haife shi, kogin bai taɓa shiga ɗakinsa ba, ba wani mai littafi da zai tashe shi. Yana kishingiɗe yana jin wasan ƙwallo.

"Sai Baba ya sunkuya kamar zai gyara takalmi," ta ce, "ya sure rediyon ya haye keke. Babanmu ya bi shi da gudu ba ko riga, yana ihu ɓarawo. Innarmu ta bi Babanmu da goyo tana cewa ya dawo, mu kuma muka bi ta muna kuka. Shi kuwa ba ya sauri, sai ya bari an kusa kama shi ya ƙara gaba. Har kan tudun nan."

"Nauyi gare shi, rediyon," in ji Baba. "Batir shida yake ci."

"Ana cikin cacar baki muka ji ƙara. Kafin magariba ko rufin gidanmu ba a gani."

Na ce, "To ya gode masa?"

"Ina fa! Har ya bar duniya in an yi zancen sai ya ce, mutumin kirki ne, amma ya karya mini eriya."

Baba ya yi dariya har ya share ido. Ya tambayi mahaifiyarta, ta ce tana wajen ƙaninta a birni, jinjirin da aka goya ran nan. Ta ce tun daga waccan ambaliyar kogin ya fara cin waccan gaɓar yana barin wannan, kaɗan kaɗan, sai wata damina shekara shida da suka wuce ya yanke gaba ɗaya ya koma ta tsohuwar hanyar Baba. Kwalbatin da bishiyar duk suna ƙarƙashin ruwa. Mijinta ya so ya tumɓuke turken ya sayar wa masu gwangwan, ta hana.

"Ka ga ba ka ɓata ba ke nan," na ce masa.

"Na ɓata mana. Mutum ya shekara goma sha biyu bai leƙo wuri ba, ya ce ido rufe."

Ita ta nuna mini hanyar da suke bi yanzu: ta bayan gonarta, a bi gefen magudanar ban ruwa, a wuce makarantar firamare mai shuɗin rufi, a gangara a sake haɗuwa da kogi. Na rubuta komai a waya. Baba ya so mu ƙarasa turke na biyar, amma da ya miƙe gwiwar ta ƙi, ta kumbura har wandon ya ɗame. Mijin matar ya zo da a-kori-kura da zai kai wake kasuwa, aka ɗora kekunanmu a kan buhuna. Ta cika wa Baba hular kwanonsa da lemo, ta ce ya kawo Mama su wuni.

A hanya na tambaye shi me ya sa bai taɓa ba mu labarin nan ba.

"In ce muku me? Babanku ya saci rediyo?" Motar tana ta jijjiga mu. "Kuma akwai gida na takwas, can gaba da turke na biyar. Ban kai gare su ba. Ba wanda ya mutu, amma shanunsu duka sun tafi. Shi na fi tunawa."

Mama ta karɓe mu da faɗan da muka san za a yi. Kwana goma Baba bai taka ƙofar gida ba. Asabar ta gaba na koma ni kaɗai na bi hanyar matar har ƙarshe, ta fita daidai, kilomita hamsin da uku. Turke na biyar ban same shi ba, gaɓar wurin ta zube. Da na gaya masa ya ce dama tun ranar da aka kafa shi ya gaya wa injiniya ƙasar wurin ba ta da ƙarfi.

Bai sake yin doguwar tafiya a keke ba. Iyakarsa gidan famfo, sau ɗaya a mako, ya dawo. Amma sun je wunin da Mama, a mota, suka dawo da buhun wake da maganar da ta ishe su wata guda.

Ranar da ƙungiyarmu ta fara bin hanyar, mu goma sha huɗu muka tsaya a gonar muka sha lemo, aka yi ta hoto da akuya. Wani likitan ƙashi da ke cikinmu, wanda kekensa ya fi na kowa tsada, sau uku ƙaya tana fasa masa taya a gefen magudanar. Da yamma ya rako ni gida ya gaida Baba, ya duba masa gwiwa, sannan ya kai ƙarar hanyar.

Baba ya sa aka shigo da keken likitan, ya matsa tayar da babban yatsa.

"Likita, iska ta yi yawa. Rage mata, ka daina bin tsakiyar hanya, ka bi inda masu babur suka taka." Ya miƙa masa ƙafa. "Yanzu kai kuma gaya mini, wannan allurar da suke cewa a yi mini, tana da amfani ko kuwa?"