Saboda Sidi Tara

Papa ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa jirgin ƙasa tsakanin Takoradi da Kumasi kafin ya ajiye aiki. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai na dawo gidansa da ke Ketan da zama, tunda asibitin da nake aikin nas a nan Sekondi yake, ba nisa. Ni ce Araba, 'yarsa ta biyu.

Duk ƙarshen wata, ranar da fansho ya shiga, Papa zai goge farar rigarsa da kansa, ya shafa wa takalminsa mai, ya fita zuwa banki tun ƙarfe bakwai. Ba ya dawowa sai la'asar, ƙafa a kumbure, riga da ɗigon miyar manja, baki cike da ƙorafi. Layi ya yi tsawo, fanka ba ta aiki, Egya Bentsil ya cika shi da surutu. Wannan Egya Bentsil tsohon mai ba jirgi hannu ne a tashar Kojokrom. Ban taɓa jin Papa ya ambaci sunansa ba tare da tsaki ba.

Su bakwai ne tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke haɗuwa a dogon bencin bankin nan. In sun karɓi kuɗinsu sai su zarce wurin wata mai fufu da ke bayan kasuwa. Na san da haka, amma ƙorafin kawai kunnena ya riƙe.

Wani ƙarshen wata ana ruwa, santsi ya kwashe shi wurin saukowa daga motar haya, gwiwarsa ta kumbura kamar gwanda. Ina ɗaure masa ita na ce a raina an gama wannan wahala.

Na yi mako guda ina bincike. A lokacin shagon magani da kantin gidan mai da ke bakin titinmu duk sun sa na'urar da ake kara mata waya a biya, ba sai an taɓa kuɗi ba. Tsohon bankin Papa ma yana da katin da ake sawa a cikin waya, sai dai suna cire sidi tara duk wata. Akwai kuma wani sabon banki da ba ya cire ko kwabo, amma ba shi da reshe ko ɗaya, komai a waya ake yi. Na zaunar da shi a baranda na yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda nake wa majinyata.

"A bar ni a nawa," in ji shi. "Su ci sidi taran."

"Papa, sidi tara sau goma sha biyu fa. Kuɗin maganin hawan jininka ne na wata guda."

"Bankina na san ƙofarsa. Wannan naki ina tasa ƙofar?"

"Tana cikin wayarka."

"To ranar da suka ɓata mini rai, wa zan je in zaga?"

Na yi dariya, na ce ya zage ni, ina gida kullum. Ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce, "Ke ce mai boko. Kawo takardar." Aka mayar da fanshonsa sabon asusu, na rufe tsohon da hannuna don kada ya riƙa cin kuɗi a banza.

Da farko abin ya burge shi. Zai kara wayar a jikin na'ura, ta yi ɗan kuka, ya dubi mai shagon magani ya ce, "Ka gani? Tsufa a gwiwa ya tsaya, bai hau kai ba." Ni kuwa har a wurin aiki na riƙa ba abokan aikina shawara su yi wa iyayensu haka.

Da gwiwar ta warke, ƙarshen wata ya zo, sai na ga ya goge farar rigar ya fita. Kafin ƙarfe goma ya dawo. Na ce, "Ka ga amfanin abin, yau ka dawo da wuri." Ya rataye rigar ya kwanta. Sai daga baya sosai ya gaya mini abin da ya faru. Maigadin bankin, cikin ladabi, ya tambaye shi katinsa don ya ba shi lambar layi, saboda ranar fansho wurin ba ya ɗaukar kowa sai masu asusu. Papa ya laluba aljihu ya ce ya manta shi a gida. Ya tsallaka titi ya tsaya ƙarƙashin wata rumfa, yana hango ƙeyar abokansa ta gilashi. Ya yi niyyar jira su fito, sai ya tuna ba shi da amsar da zai bayar in an ce me ya kawo shi.

Daga nan bai sake fita ranar fansho ba. Ya koma zaman baranda da rediyo. Wata rana na ce, "Papa, ka leƙa abokanka mana. Ka je gidan Egya Bentsil."

"In je in ce masa me? Na yi kewarka? Ai sai ya tara mini unguwa da dariya."

"To ka kira shi."

"Wa ke da lambarsa? Mutumin da nake gani duk wata, me zan yi da lambarsa?"

Na bar maganar. Aiki ya yi mini yawa a lokacin, kuma gaskiya hankalina ya fi kwanciya da ganinsa a gida.

Wata bakwai bayan haka, ina jiran mota a tashar Sekondi, idona ya faɗa kan wata takardar sanarwar jana'iza da rana ta fara ci a jikin bango. Hoton wani tsoho ne mai faɗin goshi, an rubuta Atta Bentsil, shekara saba'in da tara. Na duba ranar binnewa, mako uku ke nan da wucewarta. Na ɓamɓare takardar na ninke a jaka.

Papa ya sa tabarau ya karanta ta tun daga sama har sunayen jikoki. Ya ce, "Ƙarya suka rubuta. Ya haura tamanin." Sai ya cire tabarau ɗin ya kifa fuskarsa a tafin hannu.

Ranar Asabar ya yafa baƙin zanensa, muka ɗauki tasi zuwa Kojokrom. Sai da muka yi tambaya sau uku kafin mu gane gidan. Matar marigayin, Maame Ekuwa, ta ba mu ruwa, ta tambaye mu abin da ke tafe da mu kamar yadda aka saba, duk da ta sani. Da Papa ya faɗi sunansa sai ta gyara zama.

"Kai ne Direba? Ashe kana raye."

"Ina nan, Maame. Ban ji ba ne. Ko kusa ban ji ba."

"Ya yi ta cigiyarka. Wata biyu yana kwance a ɗakin nan. Da farko ya ce ko mutuwa ka yi, ya sa aka duba sanarwar coci-coci. Da ba a ga sunanka ba sai ya ce to fushi ne. Wai ranar ƙarshe da kuka haɗu ya ce maka duk tuƙinka ba ka taɓa isowa tasha a kan lokaci ba, kai kuma ka ce ba zai sake ganinka a bencin nan ba."

Papa ya ce, "Maame, duk wata sai na faɗa masa haka. Shekara goma sha biyar ina faɗa."

"Haka na gaya masa. Ya ce amma wannan karon ka cika."

Na buɗe baki zan yi bayani, in ce ni ce na canza masa banki, Papa ya dafa hannuna. Ya ce da ita ciwon gwiwa ne ya zaunar da shi. Ya roƙi a nuna masa kabarin. Aka raka mu. Ya tsaya a kai ya fi rabin awa a rana, ni ina gefe, ban ji abin da yake faɗa ba.

A hanyar dawowa na ce, "Papa, ranar Litinin zan mayar da kai tsohon bankinka. Laifina ne."

"Ba ki ɗaure mini ƙafa ba, Araba. Ni ne na tsaya a tsallaken titi kamar ɓarawo." Sai ya ƙara da cewa, "Bar shi yadda yake. Sai dai ki nemo mini sauran."

Da ƙarshen wata ya zo na ɗauki hutun rana ɗaya na je bankin da kaina. Mutum biyu na samu a bencin. Ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka rage ya koma Tema wurin ɗansa, biyu kuma 'ya'yansu sun mayar da su biyan waya kamar yadda na yi. Na karɓi lambobin waɗanda na tarar na rubuta da manyan baƙaƙe, na manna wa Papa a jikin ƙofar ɗakinsa.

Yana kiran ɗaya duk Lahadi bayan coci, su yi minti biyar, yawanci kan wanda ya mutu da wanda ke asibiti. Ɗaya abokin kuwa kunnensa ya yi nauyi, ba ya ji a waya. Papa ya ce in an ɗauke ruwan sama zai je gidansa a Essikado, in gwiwa ta bari.