Ranar Alhamis Ake Neman Tsoho

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya, kuma na san ƙarfin hali ne a ce yarinyar da ko a aji ba ta iya ɗaga hannu ita ce ta ɗauki biro. Sau uku ina yage shafin farko. In kun ga na yi tuntuɓe, ku ɗauke kai. Na rubuta ne don na rasa wanda zan faɗa wa da baki, ga shi yau Talata, Alhamis kuwa ba ta da nisa.

Babana gyaran agogo yake yi. Shagon ƙarami ne, in mutum uku suka shiga na huɗu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Bangon duk agogo ne, sun fi ashirin, kuma babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Akwai tebur mai aljihu biyu, da fitilar da ake lanƙwasa wuyanta, da gwangwanin madara cike da matattun batura, da wata kujerar katako da ba mai zama a kanta. Ta Tsoho ce, kakana, wanda ya buɗe shagon. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Har yanzu sunansa ne a allon da ke saman ƙofa, sunansa ne a takardar rajista, kuma da sunansa Baba yake biyan haraji.

Da can abin ba wuya. Wani jami'i ne yake zuwa duk shekara, muna ce masa Mai Jaka. Ya san Tsoho ya rasu, har gaisuwa ya zo. Zai zauna a kan benci, Baba ya canza masa batirin agogo, shi kuma ya rubuta rasit da sunan Tsoho. In zai tafi sai ya ce, "A gaida mai shago." Baba ya ce, "Zai ji." Su yi 'yar dariya, shi ke nan sai baɗi.

Bana ya zo babu littafin rasit. Takarda ya ciro ya manna a jikin ƙofa.

"Daga bana ba hannu da hannu," in ji shi. "Kowa ta intanet zai cike takardarsa, ta nan kuma zai biya. Wanda ya wuce ƙarshen wata, tara. Wanda ya ƙara wani watan, kwaɗo a ƙofa."

"To ni da ban san inda ake kunna abin ba fa?" in ji Baba.

"Ba ga 'yar boko nan kana da ita ba?" Ya nuna ni da haɓa. Ina can lungu da littafina, na ƙara sunkuyar da kai. Sai ya rage murya. "Mai agogo, abin nan ba irina ba ne. Ba shi da sanayya. Duk abin da aka faɗa masa riƙewa yake yi."

Ranar bai ce a gaida mai shago ba. Na lura, kuma na ga Baba ma ya lura.

Dole in gaya muku labarin Baffa, wan Baba. Tun da aka yi rasuwa yake so a sayar da shagon a raba kuɗin. Har mai saye yana da shi, wani mai sayar da wayoyi da ke maƙwabtaka da mu, wanda yake son ya fasa bango ya haɗe da nasa. Baffa ya sha faɗa a gaban mutane cewa ba zai sa hannu a kowace takarda ta shagon nan ba sai ta sayarwa. Shi ya sa Baba bai taɓa neman a canza suna ba. Muddin sunan Tsoho na kan rajista, babu abin da ake buƙatar hannun Baffa a kai. Daga shagon nan muke ci, daga nan ake biya mini makaranta.

Baba ya yi ta jan ƙafa har ranar ƙarshe, wato jiya Litinin. Da na taso daga makaranta na biya wurin matar da ke da kemis a tsallaken titi, ta ara mini kwamfutarta, tana ta jaddada mini kada in ajiye ta kusa da man agogo. Na ture ƙananan sukurori gefe, na ɗora ta a kan teburin Baba. Shi kuma ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya tsaya a bayana ya harɗe hannu kamar wanda za a yi wa allura.

"Uwata, a hankali dai," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Kada ki taɓa inda ba a ce ba."

Shafin ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe. Na sa lambar rajista. Sai sunan Tsoho ya fito cikakke da manyan baƙaƙe, na tsaya ina kallonsa, don ban taɓa ganinsa a jikin gilashin kwamfuta ba. Aka ce an tura lambobi shida zuwa wayar mai kasuwanci.

Baba ya sunkuya. Ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya ɗaga wani tsumma, ya ɗauko tsohuwar wayar Tsoho mai maɓallai, wadda aka ɗaure bayanta da roba. A kunne take. Ashe duk shekarun nan yana yi mata caji, yana sa mata kati don kada a rufe layin. Ban sani ba. Ina jin ko Mama ba ta sani ba. Ya miƙo mini bai kalle ni ba, na kwafe lambobin, ya mayar da ita ƙarƙashin tsummanta.

Na cike sauran. Adireshi, irin sana'a, cinikin shekara yadda Baba ya karanto mini daga littafinsa. Shekarar haihuwar mai kasuwanci kuwa daga tsohon katin Tsoho na kwafo ta, har ina jin daɗin ban yi kuskure ko ɗaya ba.

A nan ne Baffa ya yi sallama.

"A'a! Yau kuma ofis aka buɗe?" Ya shigo yana karkaɗa makullin babur. "Farfesa, ke ce manaja? To Allah ya sa kada ki sayar da mu ga gwamnati."

"Sannu da zuwa, Baffa."

"Yaya, ga benci," in ji Baba.

Bai zauna a benci ba. Kujerar Tsoho ya jawo, ƙafafunta suka yi ƙara a kan siminti, ya zauna daf da ni. Na ji Baba ya ja numfashi.

"Ci gaba, ci gaba," in ji Baffa. "Ni kallo na zo. Na ji an ce abin nan har abin da mutum ya ci jiya yana sani."

Na danna shafi na gaba. Tambaya ɗaya ce a kansa, da ƙananan akwatuna biyu a ƙasa. Shin mai kasuwancin yana raye? E, ko a'a. A ƙarƙashin a'a akwai rubutu ƙanana. Na matsa da fuskata na karanta a zuci: in mai kasuwanci ya rasu, za a dakatar da rajistar nan take, har sai dukkan magada sun kawo takarda da sa hannunsu.

Dukkan magada. Ɗaya yana bayana, ɗaya yana gefena yana wasa da makulli.

"Me ta ce?" in ji Baba.

Duk tambayoyin baya da ƙarfi nake karanta masa. Wannan kuwa in na karanta, Baffa zai ji, kuma Baffa ba ya buƙatar a maimaita masa magana. Baffan bai iya karatun gilashi sosai ba sai da tabarau, ya kuma baro shi a gida, na gan shi yana ƙanƙance ido. Agogunan bango suna ta ƙas-ƙas-ƙas, kowa da nasa. Ban taɓa jin ƙararsu haka ba.

"Ba komai," na ce. "Sabis ne yake ja."

"Kin gani ko?" in ji Baffa. "Abin da ake ta kurantawa ke nan. Ƙanena, da ka ji maganata da tuni ka huta da wannan wahalar."

"Yaya, ba yau ba."

"Kullum ba yau ba."

Suna wannan ne na danna. Ba zan ce hannuna ne ya zame ba, ko da yake na so in rubuta haka. Na duba kujerar, na duba aljihun tebur, na tuna "zai ji" ɗin Baba, na ce a raina ai a shagon nan kam yana nan. Na danna e.

Shafin ƙarshe ya nemi sunan wanda ya cike takardar. Na rubuta nawa. A ƙasa akwai layin da ya ce na tabbatar duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma ba da bayanin ƙarya laifi ne da zai iya jawo soke rajista. Shi ma ban karanta da ƙarfi ba. Baba ya biya ta wayarsa, ina nuna masa inda zai sa yatsa. Gilashin ya yi kore. An karɓa.

"Shi ke nan?" in ji Baba. "Wai har an gama?"

"An gama, Baba."

Ya dafa kaina, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya leƙa waje ya ƙwala wa mai kemis kira ta zo ta gani. Ta tsallako tana gyara mayafi, tela na gefenmu ma ya shigo da almakashi a hannu yana cewa shi ma nasa yana nan, ko Farfesa za ta taimaka. Shagon ya cika har bakin ƙofa. Baba ya ce a kawo lemo mai sanyi. Har Baffa ya yi dariya ya ce, "To, boko ya yi rana. Bana dai kun tsira."

Ni ce mafi kusa da tebur, shi ya sa ni kaɗai na ji. Wani ɗan gurnani daga aljihun ƙasa, sau biyu, kamar ƙwaro a cikin gwangwani. Na yi kamar zan ɗauki biro da ya faɗi, na jawo aljihun kaɗan, na ɗaga tsumman. Fuskar wayar Tsoho tana haske.

Saƙon ya fara da sunansa. Ya ce an gode da biyan haraji a kan lokaci. Ya ce saboda shekarun mai kasuwanci sun haura tamanin, ana buƙatar ya zo ofis da kansa ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, da katinsa, a ɗauki hoton fuskarsa. Ba a karɓar wakili. In bai zo ba, za a tura takardar sashen bincike, tare da sunan wanda ya cike ta.

Na karanta sau biyu. Shekarar haihuwar da na yi ta murnar na kwafa daidai.

Na ɗago. Baba yana buɗe wa Baffa lemo da bakin sukudireba, yana ba tela labarin yadda na yi ta danne-danne ko gezau. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun Tsoho na nan. Ɗaya daga cikin agogunan ya buga huɗu, wani ya biyo shi da biyar.

"Ina Uwata? A ba ta nata mana," na ji Baba ya ce, amma mai kemis ta tare shi da tambayar ko ya ajiye lambar rasit, ya juya wajenta.

Na zura wayar Tsoho a aljihun rigata, na mayar da tsumman yadda yake, na tura aljihun tebur a hankali don kada ya yi ƙara. Akwai 'yar ƙofa ta baya inda muke zubar da shara, tana fita wani siririn lungu. Na ɗauki littafina na rungume shi a ƙirji. Wayar tana da ɗumi a jikin cinyata. Na raɓa ta bayan tela, na zare sakata, na fice kafin kowa ya waiwayo.