Ruwan da Aka Ɗebo wa Stelian

Floarea tana cikin tuƙa tuwon masara Inna Veta, maƙwabciyarta, ta faɗo ɗakin girki ba ko gaisuwa, kallabinta a hannu.

"Sauke tukunyar nan, 'yar nan. An tsinci mijinki a gona."

A zaune aka sami Stelian, ya jingina da tayar tarakta, zuciya ta tsaya. Ya gama shukar rapitsa ke nan, tsiron nan mai rawayen fure da ake matsar mai daga 'ya'yansa.

Fari aka yi a shekarar. Tun da aka girbe alkama sama ba ta zubo ko ɗigo ba. Shi ya sa Stelian ya je birni ya sayo ƙaramin buhu na wasu fararen ƙwayoyi masu kama da gishiri. Mai shagon ya ce in an binne su da iri, sukan sha ruwa su kumbura, su riƙe wa saiwa laima. Buhun ba zai ishi gonar ba, sai ya zuba da hannu a layi ɗaya na bakin hanya. Mutane suka yi ta masa tsiya, wai ya sa wa gona gishiri, saura mai.

Bayan jana'iza sai ɗibar ruwa. A al'adar garin, kwana arba'in ake ɗebo wa mamaci ruwa ana kai wa maƙwabta, don kada ya yi ƙishi a inda ya je. Yarinya ake sa wa aikin, amma 'yan matan garin sun watse neman aiki a ƙasashen waje. Floarea ta ɗauki bokiti da kanta.

Tana kan haka Sandu, ƙanin mijin, ya tare ta a bakin rijiya.

"Matar Yaya, gonar nan ba ta tashi ba. Zan juye ta in zuba alkama kafin sanyi ya kama."

"Ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, za ka shafe aikinsa na ƙarshe?"

"Ni na shafe? Je ki duba. Ko sanƙon Yaya ya fi ta tsiro."

"Bakinka ya fi garmarka kaifi, Sandu. Bari a yi arba'in."

Ya ce ya ji, amma ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

Washegari ta kai wa Inna Veta ruwa, tsohuwar ta ƙi karɓa.

"Rijiyata ba ta ƙafe ba. Kai wa layin nan nasa."

"Inna, ruwan mamaci ai mai rai ake ba."

"To irin da ya binne gawa ce?"

Floarea ta kai. Ta zuba a farkon layin, ta koma ta ƙaro. Da ta dawo da safe sai ta ga ƙasa ta taso ta fashe, wani abu mai santsi kamar ƙwan kwaɗi ya ɓullo, ya turo irin waje duk sun bushe a rana. Nan take ta gane. Da cikin tafi Stelian ya zuba ƙwayoyin, yadda yake zuba gishiri a gangar kabeji in za a ajiye na lokacin sanyi. Kullum hannunsa da nauyi, kullum sai ta wanke kabejin kafin ya ciwu. Ta zauna a ƙasa ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da ta tashi ta bi layin tana tono da yatsa. Can wajen ƙarshe ƙwayoyin tsilla-tsilla suke, buhu ya zo ƙarewa, dole ya yi tsimi. Nan ta mayar da bokitinta.

Ana saura 'yan kwanaki arba'in aka yi ɗan yayyafi. Gonar ta tsiro nan da can, rana ta fito ta ƙone tsiron. Wutsiyar layin nan ce kaɗai ta tsaya kore, ganye yana ƙara faɗi.

Ranar da Sandu ya zo da garma, ya sauko daga tarakta ya daɗe yana kallon wurin.

"Matar Yaya, kin san man wannan ba zai cika kwalba biyu ba."

"Na sani."

"Zai ɓata mini layi."

"Yayanka ma ya sha ɓata maka."

Ya hau tarakta. Ta tsaya tana kallo ƙasa na birkicewa a kan shukar mijinta, har gonar ta koma baƙa. Da ya iso wutsiyar layin ya ɗaga garma, ya kewaye, bai dubi inda take ba.

Abin nan mai santsi da ya ɓullo, tun kafin a juye gonar ta kwashe shi a bokiti ta cakuɗa da ƙasar kabarin mijinta, kaɗan-kaɗan, ta dasa ɗoɗɗoya a kai. Inna Veta ta ce yanzu ta huta, ban ruwa sau ɗaya a mako ya isa. Gaskiyar tsohuwa ce. Amma har yau kowace safiya Floarea takan je da kofin ruwa, ta tura yatsa ta ji ƙasa da laima, ta zuba.