Kafaɗun Gwaggo Cindo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma Gwaggo Cindo ba ta son a riƙa tono abin da ta baro a baya. Amma bara ta rasu, na kuma lura 'yan matan cocinmu na yanzu ba su ma san ta ba.

A shekarar 2004 ina zaune a Palladan wurin ƙanwar babata, Mama Susanna, ina koyon ɗinki a Sabon Gari. Sunana Ƙauna, kunya gare ni sosai. Ko gaisuwa zan yi, ƙasa nake kallo. Mama Susanna ce shugabar Zumuntar Mata a cocinmu na Samaru, ita ke jana zuwa koyon waƙa ran Alhamis da la'asar, wai ko bakina zai buɗe. Bai buɗe ba. Sai mai kaɗa ƙwarya ta haihu, aka kife ƙwaryar a gabana, aka miƙo mini 'yan sanduna biyu.

Har yanzu ina ganin farfajiyar nan a idona. Inuwar dalbejiya, ƙanshin masarar da ake gasawa a bakin titi, ɗaliban jami'a suna wucewa suna leƙenmu. Mama Bibiana tana rungume da tulun kiɗa tana dukan bakinsa da guntun soso, mai caki tana gefe.

Akwai wani kiɗa da nake jiyowa daga wani gida a bayan layinmu tun ina yarinya. Ban taɓa sanin na mene ne ba. Shi ya zo hannuna. Ina farawa, waƙar ta tashi kamar an zuba mata mai.

Diana, wadda ba ta barin kowa ya huta da tsokana, ta ce, "Ashe bebiyarmu da hannu take magana."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Nan take aka yanke cewa da wannan kiɗan mata za su shiga da baiko, wato kyautar da ake kai wa coci, ran bikin godiya na kaka. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har gida.

Gwaggo Cindo tsohuwa ce mai sayar da daddawa a Dogarawa. Daga wani ƙauye bayan Giwa ta zo, kuma kowa ya san 'yar bori ce kafin ta karɓi Yesu. Ba ta iya karatu ba, amma babu waƙar littafi da ba ta haddace ba. Kullum a bencin baya take zama, ta ajiye takalmanta a gefe. Ranar da na fara kiɗan ba ta zo ba. Alhamis ta gaba ta zo.

Ina cikin kaɗawa na ɗaga kai, na ga kafaɗunta suna motsi. Ba irin rawarmu ba. Idonta a rufe, ta danne gwiwoyinta da hannu biyu. Can ta miƙe ta fita da sauri, ta bar takalmanta.

Ran Lahadi ba ta zo sujada ba. Ta gaba ma haka.

Mama Bibiana ce ta faɗa mana dalili. Ta ce, "Kiɗan nan na Ƙauna, da irinsa ake kiran iskoki a gidan bori."

Mama Susanna ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "To sai me? Wa ya halicci duman da aka fafe ƙwaryar? Yarinya ta kaɗa wa Ubangiji, ba ta kira kowa ba. Yesu ya 'yantar da mu, ba za mu koma tsoron ƙwarya ba."

Diana ta ce, "In iskokin sun zo ma, su kawo baikonsu."

An kai maganar wurin Fasto, ya ce babu zunubi a ciki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk da haka na gwada canza kiɗan a ɗaki. In na fara wani, kafin a kai amshi hannuna ya koma can.

Ran Asabar, jajibirin bikin, Mama Susanna ta ba ni takalman a leda ta ce in kai wa Gwaggo Cindo. Na sauka a Kwangila na ƙarasa da ƙafa. Na tarar da ita a tsakar gida tana juya kalwa a babbar tukunya, hayaƙi ya cika mata ido.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

"Mai ƙwarya ce? Shigo, 'yata. Ja kujerar nan."

Ta ba ni ruwa, ta tambayi mutanen gida. Na ajiye ledar. Ita ta fara.

"Hannunki yana da daɗi. A da can, da an ba ki zane da akuya."

"Gwaggo, ban sani ba."

"Ina za ki sani? Ba laifinki ba ne. Ni na ba Yesu zuciyata tun kafin a haife ki, kuma ban karɓe ba. Kafaɗun nan ne ba su manta ba." Ta tura itace cikin murhu. "Ranar nan na ji ana kirana da sunan da na binne. Na kusa amsawa. A cikin gidan Allah, Ƙauna."

"Fasto ya ce ba zunubi ba ne."

"Gaskiya ya faɗa. A gare ku ƙwarya ce."

Na ce, "To ba za ki dawo ba?"

"Zan dawo mana. Na yi shawara zan riƙa zuwa sujadar Turanci ta safe. Su jita suke kaɗawa."

"Ai ba kya jin Turanci."

Ta yi dariya har da tari. "Amin ɗinsu irin namu ne. In sun tashi in tashi, in sun zauna in zauna. Ke dai kar ki daina saboda tsohuwa. Na ga fuskarki in kina kaɗawa."

A gefen ɗaki na ga kwano cike da daddawa, an jera ta da kyau an rufe da faifai. Ta ce baikonta ne na godiya, in tafi da shi in ba Mama Susanna ta shigar mata. Ankon Zumunta yana rataye a igiya, wankakke.

Na ce kwanon ya yi mini nauyi, zan aiko a ɗauka. Ta dube ni, ta koma kan tukunyarta.

A bas ina ta tunaninta zaune cikin ɗalibai, waƙoƙin littafi duka a kanta, babu inda za ta rera su. Na kuma yi tunanin kaina, yadda zan koma bayan mata in tsaya hannu sake. Da na isa gida na faɗa wa Mama Susanna ba zan kaɗa ba. Ta yi faɗa sosai. Ta ce na watsa musu shiri, ta ce gobe wata za ta ce tulu ma yana tuna mata wani abu. Har yau ban ce ba ta da gaskiya ba.

Washegari na yi sammako na sa anko, na hau acaɓa zuwa Dogarawa. Na same ta tana shara.

Na ce, "Gwaggo, ki shirya. Sujadar Hausa za mu."

"Ina ƙwaryar?"

"Tana gida."

"To me za ki kaɗa?"

"Tafin hannu."

Ta daɗe tana kallona, tsintsiya a hannu. Sannan ta jingine ta, ta ciro ankon daga igiya ta shiga ɗaki. Na ɗora kwanon daddawar a kaina, na tsaya jiranta a ƙofar gida.